Sai-Ka-Matso

Ina 'yar shekara bakwai na fara jin sunan, kuma a bakin Umma na ji shi, tana cikin faɗa. Yayana ne ya dawo daga makaranta ya yi jifa da jaka a bakin ƙofa zai wuce wajen ƙwallo, ta cafko wuyan rigarsa ta ce, "Ci gaba da wasa da karatu. Ga ƙarshenka nan ina gani, Sai-Ka-Matso na biyu." Ya ɓata rai kamar an zage shi, ya koma ya ɗauki jakar. Ni kuwa na ɗauka wani gari ne mai nisa da ake kai yaran da ba sa jin magana. Da na tambaya, Umma ta ce in kama bakina, ba sunan da yaro zai riƙa kira ba ne. Kawuna ne, ƙaninta mai bi mata.

Daga gaisuwa sunan ya samo asali. Kawu ba ya gaida mutum daga nesa. Za ka hango shi, ka ɗaga hannu, ka washe baki, shi kuwa ya dube ka kamar ya dubi bango. Sai ka zo dab da shi, inda hannunka zai iya taɓa kafaɗarsa, sannan fuskarsa ta saki ya ce, "A'a, ashe kai ne?" Dangi suka ce girman kai ne. Wata gwaggonmu mai kaifin baki ta ce, "Mutum ba takarda, ba mota, amma sai ka matso gabansa kamar mai neman aiki." Daga ranar sunan ya zauna, har yara suna faɗa ba su san ma'anarsa ba.

Ni ce nake riƙe da akwatin takardun gidanmu. Ina aji ɗaya na sakandare Kaka, mahaifiyar su Umma, ta miƙa mini makullinsa, ta ce duk jikokinta ni kaɗai ce ba na yaga takarda in goge hannu. Akwatin ƙarfe ne, fentinsa duk ya ɓare. A ciki akwai takardun haihuwa, da hotunan da suka fara ja, da katin aikin kakanmu namiji, wanda kowa ke kira Baba Masinja saboda shekara ashirin da wani abu ya yi yana kai takardu daga ofis zuwa ofis. Abin da zan rubuta a nan daga wannan akwatin na samo shi, da bakin Kaka, da na Umma, da na Kawu kansa.

Labarin da muka tashi muka tarar a gida gajere ne. Kawu ya yi firamare yana ɗaukar na ɗaya. Ya shiga sakandare ya lalace. A aji uku aka kama shi yana satar amsa, ya gudu daga makaranta, ya ƙare a gyaran agogo. Shekara goma sha huɗu mahaifinsa ba ya amsa masa gaisuwa sai da kalma ɗaya. Sannan akwai ƙarshen labarin, wanda in an zo kansa ake rage murya. Wai wata biyu kafin Baba Masinja ya rasu, zuciyarsa ta yi sanyi, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi har inda ɗansa yake aiki. Ya tsaya a tsallaken titi ya ɗaga masa hannu. Kawu ya ɗago kai, ya dube shi, ya mayar da kai kan agogo. Tsohon ya juyo gida, ya ce wa Kaka, "Na je. Ya kalle ni ya kau da kai." Bai sake ambaton sunansa ba har ya koma ga Allah. Kawu ya yi rantsuwa har da hawaye cewa bai gan shi ba. Babu wanda ya yarda, don titin bai fi taku ashirin ba, kuma da rana tsaka ne.

Da wannan labarin a kaina nake wuce teburinsa kullum a hanyar makaranta. A ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai sayar da takalma da kantin magani. Ƙaramin tebur ne da akwatin gilashi a kai, agoguna rataye a ciki, kowanne da lokacin da yake nunawa. Yana shimfiɗa farin ƙyalle a gabansa, ya jera ƙananan sukudireba daga babba zuwa ƙarami, ga hantsaki, ga murfin kwalba cike da 'yan ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. In yana aiki sai ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa agogon. Sauran masu gyara suna maƙala ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu a ido ɗaya. Nasa yana rataye a ƙusa, ƙura ta rufe shi, bai taɓa bukatarsa ba. Masu sana'ar ma in ƙusa ta gagare su wurinsa suke kawowa.

Ina gaishe shi saboda Umma ta ce dole ne, amma ba na daɗewa. Shi kuwa yana sona. Magatakarda yake ce mini, saboda makullin akwatin nan.

Ina aji huɗu malamarmu ta lissafi ta lura ina matse ido in ina kallon allo. Ta rubuta wa Umma 'yar takarda, aka kai ni asibitin ido, aka ba ni tabarau. Bai yi wata biyu ba ƙafarsa ɗaya ta saki. Umma ta ce, "Kai wa kawunki, ai ko ba komai ya iya ɗaure ƙusa."

Ranar Asabar ce da hantsi. Na tsaya gabansa na yi sallama, ya ɗago.

"Magatakarda! Yau kuma wace takarda aka aiko ki karɓa?"

"Kawu, ƙafar tabarau ɗina ce ta saki."

"Tabarau? Ke da ƙuruciyarki? Ko dai gayu ne aka fara?"

"Na likita ne, Kawu. Ba na ganin allo."

Ya yi dariya ya ce, "Wa yake ganin allo dama?" Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka wasa ne irin nasa.

Bai yi minti biyu ba ya ɗaure ƙusar. Ya ɗaga tabarau ɗin ya juya shi, ya ce bari ya ga ko ƙafafun sun daidaita, sai ya ɗora a fuskarsa. Ya ɗago kai. Hantsakin da ke hannunsa ya faɗi ƙasa, bai ko sunkuya ba.

Sannan ya nuna tsallaken titi da yatsa.

"Rubutun can na saman shagon can, yaushe aka yi shi?"

"Tun ina firamare yake nan, Kawu."

Ya karanta shi a fili, a hankali, kamar ɗan aji ɗaya. "Ana ɗinki da gyaran jaka." Ya karanta lambar wayar da ke ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi wayoyin lantarki, ya dubi tsuntsun da ke kai. Ya dubi mai sayar da lemo a bakin hanya ya ce, "Ashe daga nan ana ganin tana dariya." Ya cire tabarau ɗin, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ke in kin cire, haka kike gani? Kamar ta cikin ruwan wanki?"

"Haka nake gani."

"To wanda ba ya sa wannan fa? Ummanki, da mai takalman nan?"

"Su kullum haka suke gani, kamar yadda ka gani yanzu."

"Daga nan har tsallake? Su gane fuskar mutum?"

"Har su gane ko fushi yake yi."

Ya mayar da tabarau ɗin a fuskarsa, ya zuba ido a gindin sandar lantarkin da ke tsallake, inda babu kowa. Ya ce, "A can suka ce Baba ya tsaya."

Shekararsa arba'in da ɗaya a lokacin. Ya jawo mini ɗan bencin da masu kawo gyara suke zama, ya rufe akwatin gilashin da rana tsaka, abin da mai takalma ya ce bai taɓa gani ba, ya fara ba ni labari.

A firamare ƙaramin yaro ne, bencin gaba yake zama, allo yana gabansa kamar tafin hannu. A dogon hutun da ya yi kafin shiga sakandare sai tsawo ya zo masa gaba ɗaya, har wandon makarantar da aka ɗinka ya ɗage kafin a buɗe. Ajinsu mutum sittin da takwas ne. Ranar farko aka jera su bisa tsawo, gajeru gaba, dogaye baya, ya samu kansa a benci na ƙarshe, bayansa yana jingine da bango. Makarantar kuma tana da wata doka da take alfahari da ita. Daga zango na biyu, sakamakon jarrabawa ne yake raba wurin zama. Na ɗaya zuwa na shida su ne a bencin gaba, haka ake bi har a kai ga na ƙarshe a jikin bango. Shugaban makarantar yakan ce wannan ne yake sa yara himma, kowa ya san matsayinsa da ido.

"Daga can baya," in ji Kawu, "allo baƙin abu ne da farin hayaƙi a kai. Ni na ɗauka haka yake ga duk wanda ke baya. Na ɗauka shi ya sa ma ake kai daƙiƙai can, horo ne."

Wanda suke zama tare wani dogo ne da ake kira Zanƙalo, mai kyan rubutu amma lissafi ba ya shiga kansa. Suka shirya a tsakaninsu ba tare da sun ce sun shirya ba. Zanƙalo ya kwafa daga allo, Kawu ya kwafa daga littafinsa, in an fita tara Kawu ya koya masa abin da suka kwafa. A aji, in malami ya yi tambaya da baki, hannun Kawu ne yake fara tashi. Matsalar ranar jarrabawa ce. A makarantar ba a buga tambayoyi a takarda, a allo malami yake rubuta su da alli, kuma duk wanda ya juya kai gefe ya shiga uku. Kawu yakan matse ido har hawaye ya zo, ya tsinci kalma ɗaya ko biyu, ya ƙirƙiro sauran tambayar da kansa, ya amsa ta da kyau. Bakwai ta zama ɗaya, uku ta zama takwas. Da sakamakon farko ya fito, Zanƙalo ya zo na ashirin da biyu, aka matsar da shi tsakiyar aji. Kawu ya zo na sittin da ɗaya, ya zauna inda yake, aka kawo masa wani wanda ba ya rubutu ma sam.

Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "Na faɗa, Magatakarda. Sau biyu."

Na farko a aji ne. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ba na ganin allo sosai daga nan." Malamin ko juyowa bai yi ba ya ce, "Duk 'yan baya haka kuke cewa. Bencin gaba ba a roƙonsa, ci ake yi a zo." Aji ya fashe da dariya. Sai ya zamana ba zai ga tambaya ba sai ya dawo gaba, ba kuma zai dawo gaba ba sai ya ga tambaya.

Na biyu a gida ne, ranar da ya kawo sakamako na uku. Baba Masinja yana zaune a tsakar gida yana cire takalmi, Kawu ya durƙusa ya ce, "Baba, ina jin idona ne." Gidan gaba ɗaya aka yi dariya, har Kaka. Don a layinsu kaf, in tsohuwa ta kasa zura zare a allura, Kawu ake kira. In ƙaya ta shige ƙafar yaro, shi yake cirewa. Ƙananan rubutun jikin kwalbar magani da ke gagarar manya, shi yake karanta wa maƙwabta. Baba Masinja ya ce, "Idon da yake ganin kafar allura ne ba ya ganin allon da ya kai ƙofa girma? Nemi wata ƙaryar." A saninsu ido ko dai yana gani ko ba ya gani, kuma tabarau na tsofaffi ne da suka kasa karatu a kusa. Babu wanda ya taɓa jin cewa ido yana iya yin kaifi a kusa ya mutu a nesa.

"In mutum goma suka ce maka idonka lafiya lau," in ji Kawu, "sai ka yarda kanka ne ba lafiya. Ni ma na yarda. Na daina faɗa."

Haka ya ja har aji uku. A jarrabawar tsakiyar zangon ƙarshe, ranar lissafi, ya ga na kusa da shi ya kwafe tambayoyin a saman takardarsa kafin ya fara amsawa. Kawu ya karkata kai. Ya ce mini, "Wallahi tambayar nake nema. Amsar yaron nan ko kyauta ya ba ni ba zan karɓa ba." Mai tsaron jarrabawa ya kama shi. Washegari aka fito da shi gaban taron makaranta, aka kira shi ɓarawon amsa, aka ce kada ya dawo sai da mahaifinsa.

Baba Masinja ya nemi izini a wurin aiki ya zo da kakinsa. Ya tsaya gaban teburin shugaban makaranta, hula a hannu, yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, laifina ne da ban sa masa ido ba." Aka ba Kawu dakatarwar mako biyu. A hanyar gida uban yana gaba, ɗan yana baya. Sai da suka shiga gida ya juyo ya ce, "Shekara ashirin ina ɗaukar takardun mutane a hannuna, ban taɓa leƙa ko ɗaya ba. Kai kuma ka je ka leƙa ta ɗan wani." Bai dake shi ba. Kawu ya ce da dukan ya yi da ya fi sauƙi.

Mako biyu suka cika. Ya sa kayan makaranta ya fita, ya kai bakin ƙofar makarantar, ya hango dogon ginin ajinsu, ƙafarsa ta ƙi shiga. Ya yi ta tafiya har ya gaji, ya zauna a inuwar matakalar benen nan, kusa da wani tsoho mai gyaran agogo. Wata 'yar ƙusa ta suɓuce wa tsohon ta faɗi cikin ƙura, yana ta lalube, Kawu ya sunkuya ya ɗauko ta ya miƙa masa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Kai, wannan ido naka dukiya ne." Shekara uku rabon da wani ya yaba masa. Washegari ya dawo, da jibi ma. Makaranta ba ta kore shi ba, ba ta kuma aiko a tambayi inda yake ba. Benci na ƙarshe in ya rage mutum ɗaya babu mai lura. Da gida suka gane, zango ya riga ya yi nisa, Baba Masinja ya ce, "Ku bar shi. Ya zaɓa."

Da na koma gida ranar, ban ko cire mayafi ba na faɗa wa Umma da Kaka. Kaka ta ce, "Ke tafi can, 'yar boko. Yaron da nake kira ya zura mini zare?" Na cire tabarau ɗina na ajiye, na ce ta ba ni allura. Na zura zaren a karo ɗaya. Sannan na ce wa Umma ta je bakin ƙofar gida ta ɗaga yatsu. Ta je ta ɗaga. Na ce, "Kaka, wallahi ban san ko nawa ba ne. Ban ma san ko Umma ce ba, ba don na ga fitarta ba."

Kaka ta dubi allurar da ke hannuna. Can ta ce, "Ɗauko akwatin."

Katunan sakamakonsa suna can ƙasa, a ɗaure da zare, guda takwas. Ban taɓa kwance su ba. Ta ce in karanta mata abin da malamai suka rubuta. Na farko ya ce, "Yana da ƙoƙari a baki, amma ba ya natsuwa a jarrabawa." Na uku ya ce, "Yana amsa abin da ba a tambaye shi ba." Na biyar ma haka, da wani hannun daban, "Yana amsa abin da ba a tambaye shi ba." Na ƙarshe ya ce, "Malalaci ne, a ja masa kunne." A ƙasan kowanne akwai sa hannun Baba Masinja, ya danna biro har ya kusa huda takardar. Abin yana rubuce a gabansu shekara ashirin da biyar, a cikin akwatin da ke ƙarƙashin gadon Kaka.

Umma ta tashi ta shige ɗaki. Kaka ta riƙe katunan a cinyarta tana shafa su, ta ce, "Ya faɗa mana fa. A nan ya durƙusa. Ni na fara dariya." Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar, ko a rasuwar mijinta an ce ba ta yi a gaban mutane ba.

Cikin makon Umma ta raka shi asibitin ido. Likitan ya yi mamakin yadda yake tsallaka titi duk shekarun nan, Kawu ya ce da kunne yake tsallakawa. Aka yi masa nasa tabarau, mai kauri kamar gindin kofi. Ranar da ya fara sa shi a wurin aiki, Kaka ta ce in raka ta unguwa. Ba ta faɗa mini ina ba. Da muka zo gindin sandar lantarkin nan ta tsaya, ta saki hannuna, ta ɗaga nata sama. Kawu ya ɗago kai. Ya miƙe da sauri har bencinsa ya kife, ya tsallako titi bai duba mota ba, ya durƙusa a gabanta a kan ƙura yana cewa, "Inna, na gan ki. Na gan ki tun daga can." Ta dafa kansa ta ce, "Na sani. Tashi, mutane suna kallo." Ba su ambaci Baba Masinja ba, daga ita har shi.

Bayan haka ya zama mai yawan gaisuwa har abin ya yi yawa. Yana hango mutum daga ƙarshen layi zai ɗaga hannu, ko bai san shi sosai ba. Mai takalma yana tsokanarsa, "Yanzu kuma sai mu ce maka Tun-Daga-Nesa." Amma a dangi tsohon sunan bai tafi ba. Wasu sun ji bayanin sun ce Allah sarki. Gwaggon nan da ta laƙaba sunan ta ce, "To, ai ko makaho in yana son karatu yana yi." Na lura mutane ba sa son a karɓe musu labarin da suka saba bayarwa, musamman in da shi suke tsorata yara.

Shekara huɗu ya yi yana gani. Sana'ar tana ta ja baya, don kowa a waya yake duba lokaci, yawancin aikinsa ya koma canza batir da ɗaure ƙafar tabarau. Bai taɓa kuka da hakan ba. Wani lokaci in na zo sai in tarar ba aiki yake yi ba, ya harɗe hannu yana kallon titi kawai. Bara ya kwanta rashin lafiya na 'yan makonni, Allah ya karɓi abinsa. A zaman gaisuwa na ji wani a waje yana tambaya, "Wa ya rasu?" aka ce masa, "Sai-Ka-Matso." Tabarau ɗinsa yanzu yana cikin akwatin, na naɗe shi a farin ƙyallen teburinsa, na ɗora a kan katunan nan takwas.

Tun yana raye, ranar da sakamakona na gama sakandare ya fito, kafin in kai gida wurinsa na fara biyawa. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya tura tabarau ɗin goshi, ya kawo takardar dab da hancinsa yadda ya saba, ya bi layi-layi, har sunan makaranta da hatimi sai da ya karanta. Na ce, "Kawu, ai yanzu manya ma suna zama jarrabawar nan daga waje. Ni zan koya maka, lissafi ma kai za ka koya mini."

Ya yi murmushi ya ninke takardar a inda take a ninke, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Wanda zan kai wa sakamakon ba ya nan, Magatakarda."

Ya sauke tabarau ɗin kan hancinsa, ya dubi tsallaken titi, sannan ya dube ni.

"Abu ɗaya nake roƙonki, tunda ke ce mai makulli. Sunan nan ba zai mutu ba, na san danginmu, kuma ban ce ki yi faɗa da kowa a kansa ba. Amma duk ranar da kika ji an ce wa wani yaro a gidan nan zai zama Sai-Ka-Matso, ki kama hannunsa ki tsayar da shi a jikin bango. Ki tafi can bakin ƙofa, ki ɗaga yatsunki, ki tambaye shi nawa ne. Ki yi wannan tukuna, kafin a dake shi."